An yanke maka albashi saboda ba ka je tirenin ba? Ga yadda za ka bi lamarin

Wannan abu ya yi yawa yanzu wallahi, musamman a asibitocin kuɗi da makarantun kuɗi da kamfanonin gadi da gidajen mai, har da bankuna da ƙungiyoyin agaji. A saka tirenin ko bita, a turo sanarwa a gurup ɗin WhatsApp da daddare, mutum bai samu zuwa ba, ƙarshen wata alat ya shigo ya ga babu dubu biyar ko dubu goma, ya je wajen akanta a ce masa ai oga ne ya ce a cire wa duk wanda bai zo ba. Daga nan mafi yawan mutane sai su yi Allah ya isa a zuci su koma bakin aiki, wasu kuma su tayar da jijiyar wuya a ofis har a samu dalilin korarsu. Duka biyun asara ce. Akwai hanyar da ake bi, kuma ba sai kana da uban gida ba.

Maganar da zan yi ta ma'aikatan Najeriya ce. 'Yan uwa na Nijar dokar ƙwadagonku daban ce, ofishin sufeton ƙwadago ne wurin zuwanku, sojoji da 'yan sanda su ma dokarsu daban.

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne akwai bambanci tsakanin a ƙi biyanka kuɗin ranar da ba ka yi aiki ba, da kuma a ci ka tara. Duk rigimar a nan take. In ranar aiki ce aka saka tirenin ɗin, kai kuma ba ka zo tirenin ba, ba ka zo aiki ba, ba ka nemi izini ba, to ka yi fashin aiki, kuma mai aiki yana da bakin cewa ba zai biya ranar da ba a yi masa komai ba. Amma in ka zo aiki ranar, kana bakin diyutinka, tirenin ɗin ne kawai ba ka shiga ba, ko kuma ranar hutunka ce aka saka shi, sannan aka cire maka kuɗi, wannan sunanta tara. Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda take a babi na L1 cikin kundin dokokin tarayya na 2004, sashe na 5 nata ya hana mai aiki cire kuɗi daga albashin ma'aikaci da sunan tara, kai har yarjejeniya ma ya hana a ƙulla da ma'aikaci a kan haka. Wato ko an sa ka ka sa hannu a wata takarda ranar da aka ɗauke ka cewa ka yarda a ci tararka in ka yi laifi, wannan sa hannun bai wanke su ba.

Ƙofa ɗaya sashen ya bari. In ma'aikaci ya jawo wa mai aiki asara ta hanyar ganganci ko sakaci, ana iya cire kuɗi daidai misali, amma sai an fara samun amincewar jami'in ƙwadago na gwamnati a rubuce, kafin a cire ba bayan an cire ba. Misali kamfani ya biya maka kuɗin kwas, ya kama maka ɗaki a otal a Kaduna, kai kuma ka yi zamanka a gida ba uzuri, to nan akwai asara ta gaske kuma suna iya neman kuɗinsu, amma ta wannan hanyar. Ka tambayi kanka, a wurin aikinku an taɓa kawo takardar jami'in ƙwadago kafin a taɓa albashin wani? Galibi oga ne kawai yake faɗa da baki, akanta ya zartar.

Sannan wannan sashen dai ya saka iyaka, duk abin da za a cire daga albashin wata guda jimillarsa kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. Mu yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Kashi ɗaya bisa uku ya kama 23,333 kenan, ba a isa a wuce nan ba. Kuɗin yini ɗaya kuma in an raba da kwana 30 ya kama wajen 2,333, in da ranakun aiki 22 aka raba ya kama wajen 3,182. To ka ga wanda aka cire wa 10,000 saboda tirenin na yini ɗaya, ko da fashin aiki ya yi a ranar, an cire masa ninkin kuɗin ranar sau uku ko fiye, abin da ya hau kai tara ce tsagwaronta. Ka yi wannan lissafin da naka albashin kafin ka yi wa kowa magana, domin mutum mai lissafi a hannu ba a raina masa hankali kamar wanda ya zo da ɓacin rai kawai.

Akwai wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Dokar ƙwadagon nan ba kowa ta kira ma'aikaci ba, a sashe na 91 ta fi nufin masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta cire masu aikin shugabanci da gudanarwa da ƙwararru irin su likita da injiniya da manaja. In kana cikin waɗannan kar ka ce shikenan ba ka da kariya. Kai abin da zai yi maka aiki shi ne takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata da yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da masu wurin, in akwai. In babu inda aka rubuta cewa ana yanke albashi saboda rashin zuwa tirenin, to da wace hujja aka yanke? Bayan haka Najeriya ta amince da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai lamba 95 kan kare albashi tun 1960, wadda ta ce ba a cire kuɗi daga albashi sai bisa abin da doka ko yarjejeniyar ƙungiya ta tanada, kuma kotun ma'aikata tana da ikon duba irin waɗannan yarjejeniyoyi da abin da ake kira rashin adalci a wurin aiki.

To yanzu mu koma baya kaɗan, tun kafin a kai ga yanka, domin rabin waɗannan matsalolin a nan ake iya kashe su.

Da zarar an fitar da sanarwar tirenin ka ɗauki hotonta ka ajiye, yadda ranar da lokacin da aka turo za su fito. Saƙon WhatsApp ana gogewa, admin yana iya cire ka daga gurup ranar da rigima ta taso. In ka san ba za ka samu zuwa ba, kada ka tsaya a kan na faɗa wa oga a bakin masallaci ya ce ba komai. Oga mutum ne, zai manta, ko kuma in nasa ogan ya matsa masa ya ce bai tuna ba. Rubuta. Layi uku ma ya isa, ranka ya daɗe na ga sanarwar tirenin na ranar kaza, ba zan samu halarta ba saboda kaza, ina roƙon a saka ni a rukuni na gaba ko a ba ni wata rana in rama. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, domin ta nuna ba ƙin tirenin ɗin kake ba. In takarda ce ka yi kofi biyu, a buga maka sitam ko a sa hannu a kan naka da kwanan wata, in imel ne ko saƙon waya ka ajiye. Ko da ka riga ka faɗa da baki ka bi shi da saƙo, kamar yadda muka yi magana ɗazu ranka ya daɗe, na gode da izinin da aka ba ni. Ba rashin kunya ba ce, ba kuma rashin yarda ba ce, haka aikin ofis yake.

Uzurori kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Rashin lafiya shi ne mafi ƙarfi in akwai takarda, dokar ƙwadago a sashe na 16 ta ba ma'aikaci har kwanakin aiki 12 a shekara da albashinsa in likita mai rijista ya tabbatar da rashin lafiyar. Ka lura, likita mai rijista, takardar kemis ba za ta tsaya maka ba. Mace mai hutun haihuwa, sashe na 54 ya ba ta sati shida kafin haihuwa da sati shida bayanta, babu wanda ya isa ya ce ta taso daga jego ta zo bita sannan ya hukunta ta don ba ta zo ba. Wanda yake hutun shekara da aka amince masa, ko yake bakin diyuti a daidai lokacin, ko ya sauka daga aikin dare da asuba aka ce ya zauna tirenin ƙarfe tara, duk waɗannan suna da abin nunawa, takardar hutu ko jadawalin diyuti. Rasuwa da jinyar iyaye su ma uzuri ne da duk mai imani zai karɓa, amma su ba su da kariya irin ta rashin lafiyarka kai kanka sai in littafin ƙa'idojinku ya tanada, don haka a nan neman izini tun da wuri ya fi muhimmanci. In wani gari aka tura ka kuma hanyar ba tsaro, ko ba a ba ka kuɗin mota ba, ka faɗa a rubuce tun kafin ranar. Haka in tirenin ɗin ta intanet ne kuma inda aka ajiye ka aiki babu sabis, ko shafin ya ƙi buɗewa, ɗauki hoton abin da wayar ta nuna ka tura wa mai kula da tirenin ɗin nan take, kar ka bari sai wa'adi ya wuce.

Maganar ranar hutu tana ci min rai, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Wurare da yawa sun mayar da Asabar da Lahadi ranar tirenin saboda ba sa son a taɓa ranakun da ake kawo musu kuɗi, malamar makaranta ta yi koyarwa Litinin zuwa Juma'a, Asabar ɗin da za ta yi wanki ta je gidan iyayenta ta kai yara kitso da aski a ce ta zo bita daga safe zuwa la'asar ba ko kuɗin adaidaita, in ba ta zo ba kuma a taɓa ɗan abin da ake ba ta wanda dama bai kai ya kawo ba. In tirenin dole ne to aiki ne, tunda ba da son ranka ka zo ba. Sashe na 13 na dokar ya ce duk awannin da suka wuce lokacin aikin da aka saba obataim ne, kuma a kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun yini guda cur, awa 24 a jere, in an ci masa shi a rama masa da wani hutun ko a biya shi. To wanda bai biya ka zuwan ba, da wane baki zai ci tararka kan rashin zuwa?

Sai batun kweri, wato takardar tuhuma. Mutane suna tsoronta kamar takardar kora, alhali ita ce damarka. Wurin aikin da ya san abin da yake yi ba ya hukunta mutum sai ya ji ta bakinsa, kuma kotun ma'aikata tana duba wannan sosai, an ba shi damar kare kansa ko ba a ba shi ba. In an kawo maka ka karɓa, ka sa hannu cewa ka karɓa, ka rubuta ranar da lokacin. Sa hannun karɓa ba amsa laifi ba ne. Ƙin karɓa kuwa sabon laifi ne ka ƙara wa kanka, za a rubuta maka rashin ɗa'a a kan na farko. Ka duba wa'adin da aka ba ka, wasu awa 24 wasu 48 wasu 72, ka amsa a cikinsa, in kana jiran takardar asibiti ne ka rubuta ka nemi ƙarin lokaci kafin wa'adin ya cika.

Kada ka rubuta amsa da zafin rai. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuma ta fi, domin fayil ɗinka za ta shiga ta zauna, ranar ƙarin girma ko ranar da ake neman rage ma'aikata a ɗauko ta. Ka bari zuciya ta sauka, ka rubuta, ka ba wani babba da ka yarda da shi ko wakilin ƙungiya ya karanta. Abin da ya kamata ya shiga ciki kaɗan ne. Ka ambaci takardar da aka ba ka da kwanan watanta. Ka faɗi abin da ya faru bi da bi da ranaku, yaushe sanarwa ta iso ka, me ya hana ka, wa ka sanar kuma ta wace hanya. Ka haɗa hujjojinka a baya, kofi ba na asali ba, na asalin ya zauna a gida. Ka rufe da cewa a shirye kake ka yi tirenin ɗin duk ranar da aka saka. Kar ka kawo sunan wane da wane su ma ba su zo ba, kar ka tono tsohon faɗanka da oga, kar ka yi barazanar kotu a wannan matakin. Kuma don Allah kar ka yi ƙarya. In mantawa ka yi ka ce ka manta ka ba da haƙuri, laifin farko irin wannan gargaɗi ne hukuncinsa a mafi yawan wurare, amma takardar asibiti ta bogi in aka gano ta kora ce kai tsaye, har ta iya kaiwa ga 'yan sanda. Haka sa wa aboki hannu a rijistar halarta, mutane sun ɗauke shi taimako, alhali ya fi rashin zuwan muni nesa ba kusa ba, ku biyun zai ci.

Wasu kuma saboda tsoro suke rubuta na yarda da duk hukuncin da aka ga ya dace. Kar ka rubuta haka. Ba da haƙuri daban, miƙa albashinka daban.

In an kira ka gaban kwamitin ladabtarwa ka nemi a faɗa maka tuhumar a rubuce, ka nemi zuwa da wakilin ƙungiya ko abokin aiki in ƙa'idarku ta yarda, kuma duk takardar da aka miƙo maka ka sa hannu bayan zaman ka karanta ta tukuna, in abin da aka rubuta ba shi ka faɗa ba ka ce a gyara.

To in an riga an yanke fa? Fara da neman takardar albashinka ta watan. Alat na banki jimilla kawai yake nunawa, takardar ce za ta nuna me aka cire da sunan me. Ka ware abubuwan da doka ta sani, haraji, kashi 8 cikin ɗari na fansho da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci, kuɗin ƙungiya, bashin da ka ci. Abin da ya rage shi ne ake magana a kai. Wani lokacin za a ce maka ai kuɗin da aka yi kuskuren ƙara maka ne a baya ake cirewa, to shi ma doka ta taƙaita shi ga abin da aka ƙara cikin wata uku kafin watan da aka gano kuskuren. Wani lokacin kuma alawus ɗin tirenin ɗin ne kawai ba a ba ka ba, wannan kam ba ka da magana, kuɗin zama na wanda ya zauna ne.

Daga nan ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata, cikin ladabi, tambaya uku. Nawa aka cire, saboda me, kuma bisa wane sashe na takardar ɗaukata aiki ko littafin ƙa'idoji. Ka nemi a ba ka amsa a rubuce. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa a dawo maka da kuɗinka a albashin gaba ba tare da hayaniya ba, domin wanda ya ba da umarni da baki ba ya son ya sa hannu a ƙarƙashinsa. In ba ka da takardar ɗaukar aiki ma gaba ɗaya, wanda haka dubban mutane suke aiki a garuruwanmu, ka sani sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ka bayanin sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da fara aiki, rashinta laifinsa ne ba naka ba, kuma alat ɗin albashi na watannin baya da katin shaidar aiki da jadawalin diyuti duk suna nuna kai ma'aikacinsu ne.

In ku da yawa aka yanke wa, ku rubuta tare. Mutum ɗaya ana iya saka masa ido, mutum goma sha biyar da takarda ɗaya sai an zauna da su. Amma ku tsaya a kan takarda, kar wani ya zuga ku ku ajiye aiki ba bisa ƙa'ida ba, yajin aiki yana da nasa matakan kuma ƙungiya ce take kiransa.

In cikin gida ya gagara sai a fita waje, kuma a nan ma hawa hawa ne. Wanda yake cikin ƙungiyar ma'aikata ya fara da ita, reshenku sannan na jiha, ko tana ƙarƙashin NLC ko TUC, wato manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa. Sai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharku, galibi a sakatariyar tarayya yake, jami'an ƙwadago suna kiran mai aiki a zauna a sasanta. Akwai kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a jihohi, kyauta take karɓar koke a kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, sai dai tana son ka fara bin hanyoyin cikin gida kuma kada abin ya wuce wata 12. Ƙarshe ita ce kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron shari'un aiki ita kaɗai a sashe na 254C, tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da wasu garuruwan, kuma tana da sashen sulhu. Gaskiya dai saboda dubu goma ba kowa ne zai ɗauki lauya ba, kuɗin zirga-zirga ma ya cinye ta, shi ya sa na fi ƙarfafa matakan farko. Amma in abin ya zama al'ada duk wata, ko ya kai ga dakatarwa ba albashi ko kora, to ka ga lauya da wuri. Dakatarwa ba albashi ita ma kotu tana duba ko takardar aikinka ta ba su wannan ikon.

Ma'aikacin gwamnati kai naka ya ɗan bambanta. Ƙa'idojin aikin gwamnati ne suke tafiyar da kai, na tarayya ko na jiharku, kuma a can barin aiki ba izini yana cikin manyan laifuka da za su iya kaiwa ga kora, don haka in an tura ka kwas a hukumance ka ƙi zuwa kuma ba ka ofis, kar ka ɗauka wasa ne. Amma su ma dole su bi mataki, kweri, amsa, kwamiti, sannan hukumar da take da ikon hukunta mai matakin albashinka, shugaban sashe ba ya tashi kawai ya ce a tsayar da albashin wane. Kokenka kuma ta hannun shugabanka zai bi zuwa sama, kar ka tsallake. Sannan kada ka yi jinkiri, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku wadda lauyoyin gwamnati suke yawan ɗagowa a kotu su ce lokaci ya wuce.

Duk wannan da na faɗa ba wai ina ɗaure wa ƙin zuwa tirenin gindi ba ne. Akwai tirenin da rai ne a cikinsa. Ma'aikaciyar jinya da ba ta zauna bitar kare kai daga kamuwa da cuta ba, ranar da aka kawo mai zazzaɓin Lassa ita ce a gaba. Yaron da aka saka a kan injin a masana'anta ba a koya masa ba, hannunsa ne a ciki, shi ya sa dokar masana'antu ta hana a saka sabon hannu a injin mai haɗari sai an horar da shi ko ana tsaye a kansa. Ma'aikacin banki dole ne a horar da shi kan gano kuɗin haram, babban banki yana bin wannan, in an samu giɓi bankin ne zai sha tara. Ma'aikatan jinya da ungozoma da likitoci kuma sabunta lasisinsu ma yana rataye da kwasa-kwasan ƙarin ilimi, wanda bai yi ba kansa ya cuta tun kafin oga ya ce komai. Don haka mai aiki yana da cikakken haƙƙin ya ce tirenin dole ne, ya ba da kweri, ya yi gargaɗi, ya cire ka daga wani aikin har sai ka yi, ya saka shi a ma'aunin ƙarin girma, in ka nace da ƙi har ya rabu da kai bisa ƙa'ida. Abin da ba shi da shi kawai shi ne ya zura hannu a albashinka yadda ya ga dama.

Ku kuma masu wuraren aiki da manajoji, Alhaji da Hajiya masu makaranta da asibiti, na san abin da yake kai ku ga yanka, kun kashe kuɗi kun ɗauko mai koyarwa kun yi abinci, rabin ma'aikata ba su zo ba, ran kowa zai ɓaci. Amma ku duba yadda aka shirya abin tukuna. Ku ba da sanarwa da sati guda ko biyu a rubuce, ku saka shi cikin lokacin aiki, in ba zai yiwu ba ku biya kuɗin mota ku rama hutun, ku raba shi rukuni biyu saboda masu diyuti da masu aikin dare, ku kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, a watan azumi ku gama da wuri. Ku rubuta a littafin ƙa'idoji abin da zai biyo bayan rashin zuwa, kowa ya karanta ya sa hannu tun ranar ɗauka, kuma hukuncin ya hau kan kowa daidai, ba a ƙyale ɗan uwan mai wuri a kama marar gata ba. Wanda bai zo ba a tambaye shi dalili kafin komai, a ba shi ranar ramuwa, in ya sake a yi gargaɗi a rubuce, in ya sake a yi na ƙarshe. Kamfanonin da suke biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashinsu ga asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, su sani ana iya dawo musu da har rabin abin da suka biya in sun horar da ma'aikatansu bisa tsarin asusun kuma sun ajiye takardu, wannan ya fi dubu biyar biyar ɗin da ake tsinka daga albashin masu gadi da masu shara. In kuma kwas ne mai tsada kuke tsoron a yi muku asararsa, ku rubuta yarjejeniya daban tun kafin a biya, a faɗi nawa ne kuɗin, me zai faru in mutum bai je ba ko ya bar aiki bayan ya dawo, ku ba shi kofinsa ya tafi da shi gida ya karanta kafin ya sa hannu.